Littafin da ke ƙarƙashin tabarma

Yau da magariba wayata ta mutu, mai caji kuma ya rufe shago. Manhajar da ƙanena ya sa min don lissafin kuɗin gida tana ciki, ni kuwa ina so in san abin da ya rage daga kuɗin ragon da na sayar a Maigatari ranar Alhamis. Sai maiɗakina ta ce wa 'yarmu, "Ɗauko littafin nan." Ashe tun bayan girbi suke rubutawa a tsohon littafin makaranta: kuɗin niƙa, kuɗin Laraba na malam, zubin adashe, har gishiri da magi. Yarinya na karanto min da tocila, ta tsaya a wani layi ta ce, "Baba, nan ka karɓi 3,000, ba ka faɗi na mene ne ba."

Na yi shiru, don na tuna kati ne da shayi. Manhajar ni kaɗai nake gani, abin da na ga dama nake sakawa. Littafin nan kuwa kowa a gidan yana iya buɗewa. Gobe in sha Allahu zan sayo sabo da biro, nawa ma ya shiga ciki.