Tafiyar Mutum Biyu Tana Bin Saurin Wanda Ke Baya

Tun da ni da maigidana muka mayar da tafiya hanyar rayuwarmu, muka rage kayanmu zuwa abin da mota ɗaya da jakunkunan goyo biyu za su iya ɗauka, tambayoyin da ake yi mana ba su cika wuce biyu ba: ina muke samun kuɗi, kuma ba ma jin tsoron kwana a daji? Tambayoyi ne masu ma'ana, sai dai a ganina akwai wadda ta fi su nauyi ga ma'auratan da ke son ɗorewa a kan hanya shekara da shekaru, ita ce ta sanin wanda zai ƙayyade yawan tafiyar da za a yi a yini, da wanda ke da ikon cewa a juya. Kuɗi kan ƙare a sake nema, tsoro kuma kan ragu da sabo, amma idan ɗaya ya ji kullum janye shi ake yi, ɗayan kuma ya ji kullum riƙe shi ake yi, to tafiyar ta kusa zuwa ƙarshe ko da aljihu a cike yake.

Masu hawan tsaunuka suna da wani tsohon lissafi da wani ɗan Sukotlan mai suna William Naismith ya tsara a shekarar 1892, wanda ya ce a ware sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5 na tafiyar ƙafa, sannan a ƙara sa'a ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Lissafin yana da amfani har yau, amma na mutum ne mai ƙarfi, marar kaya masu nauyi, wanda bai tsaya hutawa ba. Mu kan yi lissafin ne da ƙafar wanda ya fi jinkiri a cikinmu, sannan mu ƙara lokaci a kai. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne cewa mai jinkirin ba mutum ɗaya ba ne kullum. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa maigida yana da dogon taku, ni ce ke haki a bayansa. A hawa mai tsayi numfashina ya fi nasa daidaito. A gangara kuwa gwiwoyinsa ne ke neman a yi musu sannu. Saboda haka muka saba sanya mai jinkirin wannan sashe na hanya a gaba, domin wanda ke baya yana hango ƙeyar abokin tafiyarsa tana nisa yakan matsa wa kansa fiye da ƙima, kuma da zarar ya iso wurin da aka tsaya jiransa sai wanda ya riga ya huta ya miƙe, shi kuwa bai sami hutun ko minti ɗaya ba.

Rabon kaya ma ba a yin sa biyu daidai. Abin da aka saba shawarta shi ne kada jakar mutum ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa, don haka wanda ya fi jiki shi ke ɗaukar kaso mafi yawa, ba don nuna jarumta ba. Ribar tafiyar mutum biyu ita ce tanti ɗaya, risho ɗaya da matatar ruwa ɗaya sun ishe su, amma akwai abubuwan da ba ma yarda su taru a jaka guda. Kowannenmu yana ɗauke da ruwansa, da tocilarsa, da rigar sanyinsa, da taswira, domin hazo kan raba mutane a kan tsauni cikin ɗan lokaci, kuma ba abin da taswirar da ke jakar miji za ta yi wa matar da ta ɓace. Ruwa shi ne kayan da ya fi kowanne jawo gardama, tun da kowace lita kilo ɗaya ce a gadon baya, kuma a nan ma ra'ayin wanda ya fi jin ƙishi ake bi.

Inda wannan ƙa'ida ta fi muhimmanci shi ne a wurare masu tsayi sosai. Daga kimanin mita 2,500 sama da teku jiki kan fara jin ƙarancin iskar shaƙa, sai ciwon kai, da tashin zuciya, da jiri, da rashin barci su biyo baya. Likitocin da suka ƙware a wannan fanni suna ba da shawarar cewa idan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya tsayi da sama da mita 500, kuma a riƙa ware ranar hutu bayan 'yan kwanaki. Wannan ciwo ba ruwansa da ƙarfin mutum ko yawan motsa jikinsa, yakan kayar da ƙaƙƙarfa ya bar rarrauna, kuma idan aka ci gaba da hawa da shi yana iya kai wa ga taruwar ruwa a huhu ko kumburin ƙwaƙwalwa, waɗanda kan yi kisa cikin ɗan lokaci. Maganin da ya fi kowanne tabbas shi ne sauka. Dalilin ke nan da ya sa masu hawan Kilimanjaro a Tanzaniya, wanda tsayinsa ya kai mita 5,895, suka fi samun nasara idan sun bi hanyoyin kwana bakwai ko takwas maimakon na kwana biyar, haka kuma masu ƙetare mashigar Thorong La a Nepal, mai tsayin mita 5,416, sukan tsaya su kwana biyu a garin Manang kafin su ci gaba.

Haɗarin da ya keɓanta da ma'aurata a nan shi ne kara. Baƙo a cikin ayari ba ya jin nauyin gaya wa ɗan jagora cewa kansa na ciwo, amma matar da ta san mijinta ya daɗe yana burin taka wannan ƙololuwa takan danne abin da take ji, mijin kuma yakan ɓoye nasa don kada a ce shi ne ya gaza. Kowannensu yana ganin alheri yake yi wa ɗan'uwansa, alhali kuwa su biyun yake jefawa cikin haɗari. Yarjejeniyarmu a kan wannan ba ta da tsawo: duk wanda ya ce a juya, an juya, ba a neman dalili, ba a kuma tattauna maganar sai an sauko an huta. Haka kuma tun da dare muke tsayar da lokacin juyawa, ta yadda idan agogo ya kai wannan lokaci ba mu kai ƙololuwa ba, za mu kama hanyar sauka ko da muna hango ta. Mun taɓa yin haka a Tubkal, tsaunin da ya fi kowanne tsayi a Arewacin Afirka da mita 4,167, inda iska ta tsananta, maigida ya tsaya ya dube ni ya ce, «Uwargida, mu koma.» Na so ƙwarai in ƙarasa, kuma har yau ina ganin da mun iya, amma amfanin yarjejeniyar duka yana cikin bin ta ne a ranar da mutum bai gamsu ba. Na san ma'auratan da ke barin ɗaya ya ƙarasa, ɗayan ya sauka tare da ɗan jagora, kuma ban ga laifinsu ba. Mu dai tare muke sauka.

Ko a kan kwalta ma ba son rai ne ke tsara kalanda ba. Ƙasashen Turai da ke yankin Shengen, wato waɗanda suka cire binciken kan iyaka a tsakaninsu, suna ba baƙo kwana 90 ne kawai a cikin kowane kwana 180, kuma lissafin ya haɗa ƙasashen yankin gaba ɗaya, don haka tsallakawa daga Faransa zuwa Sifen ba ya sabunta komai. Ƙasashe da dama ba sa karɓar fasfon da bai da sauran wata shida, wanda ke nufin fasfon da ya fi kusa da ƙarewa a cikin biyun shi ne ke mulkin tafiyar. Wasu ƙasashen kuma ba sa barin motar baƙo ta shiga sai da takardar kwastan ta musamman, wadda ke tabbatar da cewa za a fita da motar ba sayar da ita za a yi ba, kuma yawanci shekara ɗaya take yi. Sai yanayi ya zo da nasa sharaɗin: tsaunukan Nepal sun fi daɗin tafiya a Oktoba da Nuwamba, ko daga Maris zuwa Mayu, Fatagoniya da ke kudancin Ajantina da Chile kuwa daga Nuwamba zuwa Maris take karɓar baƙi. Wanda ya ɗauko mota daga Alaska yana nufin ƙarshen Kudancin Amurka zai tarar titi ya yanke a dajin Dariyen, tsakanin Panama da Kolombiya, dole ya sa motar a jirgin ruwa ya jira. Duk wanda bai iya zaman jira tare da abokin rayuwarsa a garin da ba shi ya zaɓa ba, wannan rayuwa za ta yi masa wuya.

Labarin waɗanda suka fi daɗewa a hanya yana ƙarfafa mini wannan ra'ayi. Emil da Liliana Schmid, ma'aurata 'yan ƙasar Suwizalan, sun tashi a shekarar 1984 cikin mota ƙirar Toyota Land Cruiser, suka shafe sama da shekara 30 a cikinta, suka yi fiye da kilomita 700,000, har suka shiga kundin Guinness. Adadin yana da ban mamaki, amma idan aka raba shi a kan kwanakin waɗannan shekaru, bai kai kilomita 70 a yini ba, wato tafiyar da mota ke yi cikin sa'a guda. Gunther Holtorf, Bajamushen da ya zagaya duniya na kimanin shekara 26 a mota ƙirar Mercedes, wanda matarsa Christine ta kasance tare da shi har rasuwarta a 2010, shi ma kusan kilomita 900,000 da ya yi ba su kai 100 a yini ba. Da ma an ce tafiya sannu sannu kwana nesa. Jinkirin nan kuma shi ne rabin amsar tambayar kuɗi, domin mai, da biza, da tikiti, da gyaran mota su ne ke cin kaso mafi girma, kuma dukkansu suna ƙaruwa ne da yawan motsi. Abu ɗaya kawai ba ma taɓawa, shi ne kuɗin da zai mayar da mu biyu gida idan larura ta taso.

Game da zama a wuri ɗan ƙarami kuwa, harshe da haƙori ma sukan saɓa, balle mutum biyu da ke kwana, da girki, da aiki a cikin abin da bai fi faɗin gado ba. Mun lura cewa mafi yawan saɓaninmu yana faruwa ne da la'asar sakaliya, lokacin da gajiya da yunwa suka haɗu da neman wurin yada zango. Saboda haka muke tsayawa tun da sauran rana sosai, domin a ga ƙasa da kyau kafin duhu. Ba a kafa tanti a busasshen rafi komai laushin yashinsa, tun da ruwan da aka yi a kan tsauni mai nisa yana iya gangarowa da dare alhali sararin da ke kanka garau yake. Ana barin tazarar kimanin mita 60 daga bakin ruwa, don kada a gurɓata shi ko a tare wa dabbobi mashaya. Ba a kunna risho a cikin rufaffen tanti ko mota komai sanyi, saboda iskar gubar da wuta ke fitarwa ba ta da wari ko launi. Waɗannan abubuwa an riga an yanke hukunci a kansu tun tuni, don haka ba sa buƙatar muhawara a lokacin da kowa ya gaji. Mukan kuma ware wasu ranaku da kowa zai yi harkarsa, shi ya tafi neman bakanike ko kallon tsuntsaye, ni in zauna da littafina, mu haɗu da yamma kowa da labarin da zai bayar.

Kowa yana da aikin da ya fi iyawa, kuma babu laifi ya riƙe shi: maigida ne ke kula da inji, ni kuma takardu da taswira. Amma mun ɗora wa kanmu cewa kowa ya koyi aikin ɗan'uwansa gwargwadon da zai fitar da mu daga matsala. Na iya tuƙi a yashi da canza taya, shi kuma ya san inda kowace takarda take da ranar da za ta ƙare, kuma dukanmu mun yi horon taimakon gaggawa. Dalilin a fili yake, domin idan wanda ya iya tuƙi shi kaɗai ne ya karye a ƙafa a wurin da babu sabis ɗin waya, to ƙwarewarsa ba ta da amfani a ranar da aka fi buƙatarta.

Akwai ma wuraren da mutum biyu ba su isa ba ko da sun iya komai. Kwazazzabon Kogin Fish da ke kudancin Namibiya, wanda tafiyar ƙafa a cikinsa ta kai kimanin kilomita 85, ana buɗe shi ne kawai daga Mayu zuwa tsakiyar Satumba saboda tsananin zafi da haɗarin ambaliya a sauran watanni, kuma hukuma ba ta ba da izini sai ga ayarin da ya kai mutum uku, kowannensu da takardar likita mai nuna ƙoshin lafiyarsa. Hikimar ita ce idan ɗaya ya ji rauni, ɗaya zai zauna da shi, na ukun ya fita neman taimako. Can muka sa a gaba a lokacin sanyin ƙasar mai zuwa, kuma mun riga mun fara tuntuɓar wasu ma'aurata da muka haɗu da su a hanya. Tambayar farko da muka aika musu ita ce kilomita nawa suke jin daɗin yi a yini idan suna ɗauke da kayan kwana biyar.