Idan yatsa ya ƙi buɗe ma'ajiyar kalmomin sirri a kwamfutar hannu

Duk wanda yatsansa ya daina buɗe masa manhajar ajiye kalmomin sirri irin su Bitwarden, 1Password ko KeePassDX a kwamfutar hannu (tablet), abin da zuciya ke fara raya masa shi ne ya goge manhajar ya sake sauke ta. Ka dakata tukuna. Zanen yatsa ba shi ne makullin ma'ajiyarka ba. Manhajar tana ɓoye makullin ne a wani keɓaɓɓen sashe na na'urar, Keystore a Android, Secure Enclave a iPad, yatsa kuwa izini kawai yake bayarwa a yi amfani da shi. Da zarar ka goge manhajar ko bayananta, babbar kalmar sirrin da ke buɗe dukan ma'ajiyar za ta nema, wataƙila har da lambar tabbatarwa ta biyu ko wadda za a tura imel. Idan kalmar sirrin imel ɗin ma tana cikin ma'ajiyar da ta rufe, ka ga an shiga tsaka mai wuya, kuma Bitwarden ba su da hanyar dawo maka da babbar kalmar da ka manta. Saboda haka ka fara gwada ta a wata na'urar, ka tabbatar tana shiga.

Daga nan sai a gano inda laifin yake, kuma gwajin ba ya cin minti ɗaya. Kulle kwamfutar, ka buɗe ta da yatsa. Idan ta ƙi, babu ruwan manhaja a ciki.

A nan Katsina, daga Disamba zuwa Fabrairu, hunturu ne babban mai laifi. Fatar yatsa kan bushe ta tsage, layukan zanen su dushe, ƙura kuma ta kwanta a kan na'urar karanta zanen yatsa. Ka goge wurin da ƙyalle mai laushi, ka hura wa yatsan iskar baki ko ka murza shi da ɗan'uwansa, sannan ka ɗora. Akasin haka ma yana hanawa: hannu mai danshi bayan alwala, ko mai maiƙon basilin da man kaɗanya. Mai wanki da omo, birkila da ke taɓa siminti, da mai baƙin lalle a kan yatsu duk sukan gamu da wannan. Abin da ya fi aiki shi ne a yi rajistar yatsa ɗaya sau biyu, ɗaya lokacin da fata ke da laushi, ɗaya a tsakiyar hunturu, a ƙara da wani yatsan na ɗaya hannun. iPad na karɓar har guda 5.

Inda aka dasa na'urar karantawar ma yana da tasiri. A Galaxy Tab S9 tana ƙarƙashin gilashin fuska, haske take haskawa ta ɗauki hoton zanen, don haka gilashin kariya mai kauri ko wanda kumfar iska ta maƙale a daidai wurin yana rikita ta. Duk sanda aka sauya gilashin, a goge tsoffin yatsun a sake rajista a kansa. A iPad Air na 2020 da Galaxy Tab S7 tana jikin maɓallin kunnawa ne, kuma rigar roba kan rufe gefenta ta hana yatsa kwanciya sosai. Wasu kuwa, irin su Galaxy Tab A8 da S6 Lite, ba su da ita kwata-kwata. Buɗewa da fuska da suke yi ta kyamarar gaba ce, wadda ba ta kai matakin tsaro na 3 da Android ke nema kafin ta saki makulli ba, shi ya sa zaɓin yakan ƙi bayyana a manhajar ko ya ƙi kunnuwa.

Akwai kuma lokutan da ba lalacewa ba ce, ƙa'ida ce. Kuskure 5 a jere yana sa Android ta hana yatsa na daƙiƙa 30, idan aka ci gaba da matsawa ta rufe shi sai an saka lambar kulle allo. Bayan an kashe an kunna, lamba ce dole. Android na sake neman ta duk bayan awa 72, iPad kuma idan ta yi awa 48 ba a buɗe ta ba.

To idan yatsa na buɗe kwamfutar amma manhajar ta ƙi fa? Tambayar farko: an ƙara sabon yatsa kwanan nan, ko an cire lambar kulle allo an mayar? Ko ɗaya daga cikinsu ya faru, na'urar kan soke makullin da manhajar ta ajiye, da gangan, don kada wanda ya san lambarka ya ƙara yatsansa ya shige ma'ajiyar. Wannan tsari ne mai kyau, bai kamata ka nemi kauce masa ba. Gyaran shi ne ka shiga da babbar kalmar sirri, ka je sashen tsaron asusu a saitin manhajar, ka kashe buɗewa da yatsa, ka rufe manhajar gaba ɗaya, ka dawo ka kunna, ka ɗora yatsa idan ta nema. A Bitwarden ka duba abin da aka zaɓa ya faru idan wa'adin zama ya cika. Idan fita daga asusu aka zaɓa maimakon kullewa, yatsa ba zai taɓa yi ba, kullum sai babbar kalma. Idan duk wannan bai yi ba, sabunta manhajar da tsarin na'urar, sannan ne za a yi maganar goge bayanai.

Kwamfutar hannu galibi ta gida ce, yara na karatu da ita, uwargida na kallon wa'azi. Manhajar ba ta bambance yatsan wa aka ɗora, duk wanda aka yi wa rajista zai buɗe ma'ajiyar, har da kalmar sirrin banki. Idan Android ce mai ba da damar masu amfani da yawa, ka buɗe wa yara nasu sashen daban. Idan iPad ce ta kowa da kowa, gara a bar yatsa a kashe a manhajar.

Wajen gyara kuma, maɓallin Touch ID, wato mai karanta yatsa a iPad, a haɗe yake da babban allon lantarki na cikin na'urar (logic board) tun daga masana'anta. Idan za a sauya gilashin iPad mai maɓalli a ƙasa, ka gaya wa mai gyara ya mayar da ainihin maɓallinka, ya kuma kula da siririyar wayarsa, domin wanda aka ciro daga wata iPad ɗin ba zai karanta yatsanka ba.