Wane yatsa ne ya mutu?

Aikina a ɗakin kati shi ne in karanta abin da likita ya rubuta, in mayar da shi lamba bisa tsarin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya. Lambar nan ita ke bin majiyyaci zuwa inshora, da ita kuma ake ƙirga cututtukan da ke damun mutanenmu.

Ba abin da ke ɓata min rai irin in ga an rubuta "hannu ya mutu", shi ke nan. Da wannan, iyakata rukunin R20: R20.0 idan fata ba ta jin komai, R20.1 idan jin ya ragu, R20.2 idan tsikari ne kamar tururuwa na yawo. Duk alamu ne, ba su faɗi cutar ba.

Alhali yatsun kansu suna nuna inda matsalar take. In babban yatsa ne da manuniya da na tsakiya, mutum yana farkawa cikin dare yana yarfa hannu, galibi jijiya ce ta matse a wuyan hannu. Lambarta G56.0, kuma ana yawan ganinta ga masu juna biyu da masu aikin da hannu ba ya hutawa, irin teloli da masu kitso. In kuwa ƙaramin yatsa ne da rabin na kusa da shi, wata jijiyar ce daban wadda ta bi ta gwiwar hannu, G56.2.

A nan ne hankalina ya fi tashi. Wannan jijiyar tana cikin waɗanda kuturta ta fi kamawa, kuma kuturta ba ta ƙare a ƙasarmu ba. Lambar kuturta A30. Idan akwai tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, aka ƙi rubutawa, mutumin zai ɓace cikin R20, yatsunsa su ci gaba da lanƙwashewa, ga magani kyauta tun 1995. Wallahi abin yana damuna.

Idan hannu biyu ne har da ƙafafu, a duba suga, E11.4, ko a tambaya ko yana shan isoniazid, maganin tarin fuka. Wanda hannunsa ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, wannan shanyewar ɓarin jiki ake zato, ba a tsayawa jiran kati.

A Amurka, tun Oktoban 2015 suke amfani da nasu ICD-10-CM, wanda ya raba dama da hagu: G56.01 da G56.02. Na Hukumar Lafiya bai raba ba, don haka in likita bai rubuta ɓangaren ba, babu inda za a same shi.

Shi ya sa nake ɗaukar katin in koma ofishin likita da kaina. In ce, "Ranka ya daɗe, wane hannu, waɗanne yatsu, tun yaushe, an gwada suga?" Wasu kan ce layi ya yi tsawo, kuma gaskiya ne. Nakan jira ya sallami wanda ke gabansa, sannan in miƙa masa biro.