Abin da tarihin jami'o'in Sudan ke koya wa mai neman gurbi

Duk mai aikin shiryar da 'ya'yanmu na Maiurno, Gadarif da Damazin wajen cike zaɓin jami'a bayan shahadar Sudan, wato jarrabawar kammala sakandare, darasin farko da zai koya shi ne ya binciki asalin jami'a kafin sunanta ya burge shi. Jami'o'in ƙasar nan ba daga tsatso ɗaya suka fito ba, kuma har yau kowacce tana ɗauke da halin gidansu.

Tsatson farko na Turawan Ingila ne. An buɗe Kwalejin Gordon a Khartoum a 1902 don samar wa gwamnati akawuna, malaman makaranta da alƙalai. Makarantar likitanci ta Kitchener ta biyo baya a 1924, aka haɗe su a 1951 ƙarƙashin kulawar Jami'ar Landan, sannan aka sami Jami'ar Khartoum a 1956. Ɗalibai kaɗan ne, karatu da Turanci, kwana da abinci kyauta. Ma'ahadin Ilimi na Omdurman kuwa, wanda aka kafa a 1912 bisa salon Azhar, shi ya zama Jami'ar Musulunci ta Omdurman a 1965. Masar ta buɗe reshen Jami'ar Alƙahira a Khartoum a 1955, ya riƙa kwasar ma'aikata da waɗanda Jami'ar Khartoum ta ƙi, har gwamnati ta karɓe shi a 1993 ta sa masa suna Nilain. Jami'ar Ahfad ta mata ta tsiro ne daga makarantar 'yan mata da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907. Sai a 1975 aka tuna da wajen babban birni, aka kafa Jami'ar Jazira a Wad Madani da ta Juba a Kudu.

Shekarar da ta sauya komai ita ce 1990. Gwamnatin Bashir ta zo da abin da ta kira juyin juya halin ilimi mai zurfi, ta ɗauki matakai uku a tare: buɗe jami'o'i a jihohi da ninka yawan ɗalibai, mayar da koyarwa Larabci, da janye kwana da abinci kyauta. Adalci shi ne a ce matakin farko ya amfane mu. Yaron da ubansa manomin dawa ne a Gadarif ya sami jami'a kusa da gida, kuma Larabcin ya sauƙaƙa wa wanda ya taso daga halwa, wato makarantar allo. Amma an ɗora kaya kafin a ɗaure wa jaki mangala. Kwalejin likitanci tana bukatar asibitin koyarwa, ɗakin gwaji da ƙwararrun malamai, alhali wasu sababbin jami'o'in a gine-ginen tsofaffin sakandare aka zuba su, manyan malamai kuma suna ta ficewa Saudiyya da ƙasashen Gulf saboda albashi. A fannin likitanci da injiniya lacca ta koma Larabci, manyan littattafan bita suna nan da Turanci, ɗalibi ya tsaya tsakiya. Dahiliya, wato masaukin ɗalibai, ta koma hannun asusun kula da ɗalibai na ƙasa, gadaje ba su isa ba. Ga kuma ƙabul na musamman, inda mai kuɗi ke shiga da makin da bai kai na talaka ba.

Saboda haka kafin a rubuta kwaleji a jerin zaɓi, a tambayi shekarar da aka buɗe kwalejin kanta, don jami'a na iya tsufa kwalejin tana jaririya. A tambayi asibiti ko gonar da ake yin aikin hannu, da harshen jarrabawa, da inda yarinya za ta kwana. Wannan na ƙarshen ya fi maki yawan hana 'yan matanmu ci gaba.

Tarihin yana shiga har cikin takardu. Shahadar Nilain da ta fito kafin 1993 sunan reshen Alƙahira ke kanta. Jami'ar Juba ta yi shekaru tana zaune a Khartoum saboda yaƙi, da Kudu ta ɓalle a 2011 aka tara ɗalibai da malaman Arewa a Jami'ar Bahri. Wajen tausiƙi, wato tabbatar da ingancin takardu, ana bin tsari: jami'a ta buga hatimi a kan shahada da tafasil (takardar makin darussa), sai Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi, sai Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a kai takardar. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, komawa zai yi. Abin da ya fi dawo da mutane baya shi ne suna: dole sunaye huɗu (na mutum, na uba, na kaka da na kakan uba) su zo iri ɗaya a shahadar sakandare, ta jami'a da fasfo, da Larabci da boko.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya nuna illar tara manyan jami'o'i da kundinsu a Khartoum. An wawashe gine-gine, karatu ya koma intanet da cibiyoyin jarrabawa a garuruwa irin su Port Sudan da Atbara. Ɗalibin da ke karatu yanzu ya karɓi tafasil ɗinsa a ƙarshen kowace shekara, ya ɗauki hotonsa, ya ajiye kwafi a wajen ɗan'uwa a wani garin.