Kafin ka fara rubutu a kan maza

Ƙanena, ranar da ka fara rubutu a kan mazantaka da zaman maza da mata, za ka tarar an riga an ja daga, kowane ɓangare na neman kakaki. Ni na yarda na zama. Duk namijin da ke cikin labaraina na farko, ko dai azzalumi ne mai zare ido, ko salihin bawan Allah da mata suka cuta, gwargwadon waɗanda nake son burgewa a lokacin. An tafa mini kuwa. Amma yau in na sake karantawa, ba na ganin mutum ko ɗaya a ciki, sai hujjojin da na sa wa riga da wando.

Abin da ya ja mini shi ne ɗauka da na yi cewa tunda ni namiji ne, na gama sanin maza. Ashe kaina kawai na sani, shi ma ba duka ba. Da wuya namiji ya ce maka yana cikin damuwa. Zai ce aiki ne ya yi yawa, ko ya mai da zancen zolaya, ko ya kama faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ka zauna da wanda aikinsa ya kuɓuce ya ɓoye wa matarsa, da wanda bai taɓa jin yabo daga bakin mahaifinsa ba, ka rage tambaya, ka ƙara haƙuri. Ƙanwata, ke ma haka, kuma kada wani ya ce miki wannan ba huruminki ba ne.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 sun nuna mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu. Ita dai hukumar ta ce a 2021 kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, akasari daga abokin zamanta. Duka biyun gaskiya ne. Na daɗe ina ɗauko wadda ta yi mini daɗi ina danne ɗayar, kuma mai karatu mai hankali yana ganewa.

Batun kuɗi kuma, kada ka ajiye aikinka kamar yadda na yi. Editoci sun fi tunawa da kai gab da 8 ga Maris, ranar mata, sai ɗan abin da ba a rasa ba a 19 ga Nuwamba, ranar maza. Kason marubuci a littafi sau da yawa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, shi ma sai an ja rai. Karanta yarjejeniya kafin ka sa hannu.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta wani aminina. Ya gaya mini matsalar aurensa cikin dare, na mai da ita labari, na canza suna kawai. Matarsa ta gane, 'yan'uwansa ma suka gane, har yau gaisuwa ce kaɗai tsakaninmu. In wani ya ba ka sirrinsa, nemi izininsa tukuna, ka nuna masa abin da ka rubuta kafin ya fita. In ya ce a'a, ka haƙura da labarin komai daɗinsa.