Ciyawar da ke manna irinta a kan dutse

Jama'a yau hirar tsirrai zan yi, wanda ba ya so ya yi haƙuri. Akwai wani dangin tsiro da masana ke kira Podostemaceae, ba a gona yake ba, ba a tafki ba, ba ma a kogi mai kwance ba, shi sai inda ruwa ke gudu da ƙarfi yana dukan dutse, wato matsirgar ruwa da gangara. Idan ka gan shi za ka rantse gansakuka ce, wani abu kore ko ja-ja a shimfiɗe a jikin dutse, ba ka gane ina kara ina saiwa ina ganye. Amma tsiro ne mai fure, yana 'ya'ya yana iri, kuma nau'insa ya kai wajen 300 a duniya, yawanci a ƙasashe masu zafi. Mu nan Afirka akwai Tristicha trifaria da ta bazu ƙasashe da yawa har da Najeriya, sannan Kamaru ta tara su sosai, musamman waɗanda ake kira Ledermanniella. Wanda ya taɓa ganin hoton kogin nan na Kolombiya, Caño Cristales, da ke yin ja kamar an zuba masa rini, to ɗan wannan gidan ne ke ba shi launin.

Abin da ya riƙe ni game da su shi ne tambaya ɗaya: ta yaya iri zai zauna ya tsira a wurin da ko mutum ba ya iya tsayuwa? Amsar tana cikin lokaci. Duk damina suna ƙarƙashin ruwa suna girma, ba fure ba komai. Sai kaka ta yi, ruwa ya fara ja baya, dutse ya fara leƙowa, to a nan ne suke fitar da fure a sarari, 'yan mitsi-mitsi, yawancinsu ko kwalliyar fure ba su da ita, a mafi yawan dangin ma furen a cikin wata 'yar jaka yake, sai ya fasa ta ya fito. Iska ko ƙwari su yi barbara, wasu kuma da kansu suke yi wa kansu, ba su jiran kowa saboda ba lokaci. Cikin 'yan kwanaki zuwa makonni 'ya'ya sun nuna, ita kuma uwar tana can tana bushewa a kan dutse da zafin rana har ta mutu.

'Ya'yan nasu ba irin waɗanda ake ci ba ne, busasshen ƙwanso ne ɗan ƙarami, milimita kaɗan, a kan siririn tsinke. Tsinken nan naman jikinsa na waje zubewa yake ya bar tsakiya mai tauri, shi ya sa da rani za ka ga dutse fal da 'yan tsinkaye baƙaƙe-baƙaƙe a tsaye bayan komai ya bushe. Ƙwanson idan ya bushe sai ya tsage. Na su Tristicha gida uku yake tsagewa, kuma yana da zane-zane masu tudu guda 9 daga sama zuwa ƙasa. Na babban reshen dangin kuwa gida biyu ne, su Ledermanniella tudu 8 ne da su, wasu kamar Cladopus na Asiya nasu sumul yake, zagaye, ba tudu ko ɗaya. Sannan akwai waɗanda ɓari biyun daidai suke, akwai waɗanda ɗaya ya fi ɗaya, ƙaramin ya faɗi ya bar babban a maƙale a tsinke, haka Podostemum na Amurka yake yi. Wani zai ce to meye na ƙirga tudu, ai shi ne aikin, domin jikin tsiron canza kama yake gwargwadon ƙarfin ruwa da zurfi, nau'i ɗaya sai ya fito maka da fuska biyu, amma ƙwanso ba ya canzawa, kuma shi ne abin da mai bincike yake tararwa idan ya je da rani. Don haka da yawan tudu da yadda ya tsage ake rarrabe su.

A cikin ƙwanson akwai wani ɗan dunƙule a tsakiya da irin ke jere a jikinsa. Irin kuwa ƙura ce kawai, yawanci bai kai rabin milimita ba, wasu nau'in 'yan ƙwayoyi ne a ƙwanso ɗaya, wasu kuma ɗaruruwa, manya irin Mourera na Kudancin Amurka har sun haura dubu.

To ga inda abin yake burge ni. Fatar irin ta waje, muddin ruwa ya taɓa ta, nan take take kumbura ta saki yauƙi, irin yauƙin karkashi ɗin nan da ke bin hannu. Iri ya faɗo kan busasshen dutse, yayyafin farko ko feshin matsirga ya jiƙa shi, yauƙin ya fito ya shiga 'yan ramukan dutse, rana ta sake bugawa ya bushe, shi ke nan ya kama, ya zama gam. Lokacin da kogi zai cika ya dawo da haukansa, irin ya riga ya manne, ruwan da ya isa ya tafi da shi sai ya zama shi ne zai tsirar da shi. Kuma a bushe irin yana iya jiran watanni bai lalace ba, wanda dole ne ma, tunda rani ba ɗan gajere ba ne.

Wani abin mamakin kuma, irin ba shi da guzuri. Ƙwayar masara ko gero, garin da muke tuwo da shi asalinsa abincin da aka tanadar wa ɗan tsiro ne, kuma ana samunsa ne saboda tsirrai masu fure barbararsu biyu ce a lokaci guda, ɗaya ta ba da ɗan tsiro ɗaya ta ba da abincinsa. Wannan dangin sun yar da ta biyun gaba ɗaya, abin da ba kasafai ake samu ba. Yayin da irin ke haɗuwa wani sashe na cikinsa ne ke narkewa ya ciyar da ɗan tsiron, da ya nuna kuwa ba abin da ya rage sai ɗan tsiro da ganyensa biyu na fari. Ni a ganina wannan na cikin abin da ke ba su saurin nuna, ba a tsaya tara gari ba. Amma fa yana nufin da ya tsira dole ya sami haske nan da nan ya fara ciyar da kansa, ruwa mai laka da ke tare rana ko ya binne dutse ba ƙaramar illa yake masa ba. Ko saiwar fari da muka sani tana fara fitowa daga iri, yawancinsu ba su da ita, wasu 'yan gashi ne ke fitowa daga ƙasan ɗan tsiron su kama dutse, daga baya saiwa ta ɓullo ta gefe ta shimfiɗu, ita ce wannan abin da ke kama da gansakuka, kuma kore ce, tana aikin ganye.

Sai batun tafiya. Ruwa ƙasa yake yi, amma ana samunsu can sama wajen mafarin kogi, har Tristicha trifaria tana Afirka tana kuma Amurka ta tsakiya da ta kudu, teku guda a tsakani. Masana da yawa suna ganin tsuntsayen bakin ruwa ne ke ɗauka, yauƙin da ke kama dutse ai zai kama ƙafar tsuntsu. Sai dai duk da haka da yawansu ba su je ko'ina ba, akwai nau'in da a duniya kaf a kogi ɗaya aka san shi, wani ma a matsirga ɗaya tak.

Kuma irin wuraren nan su ne dai injiniyoyi ke nema idan za a yi dam na lantarki, wallahi abin haushi. Ba sai an tumɓuke tsiron ba, a canza masa hawa da saukar ruwa kawai. Idan tafkin dam ya shanye gangarar, dutse ba zai sake leƙowa ba, ba fure ba iri. Idan kuma aka karkatar da ruwa zuwa injin, dutsen ya zauna a bushe, iri yana manne amma ba abin da zai tashe shi. Ko a riƙa saki ana rufewa ba kan ƙa'idar damina da rani ba, fure ya fito yau gobe ruwa ya rufe shi. A Kamaru dam ɗin Nachtigal mai megawat 420 a kan kogin Sanaga an gina shi ne a yankin da aka san Ledermanniella sanagaensis, har sai da maganarta ta shiga cikin tsarin kare muhalli na aikin. A Saliyo kuma a 2018 ne Martin Cheek na lambun Kew da ke Ingila tare da Aiah Lebbie suka bayyana wani sabon jinsi daga gangarar kogin Sewa, Lebbiea grandiflora, kuma tun a lokacin suka ce yana gab da ƙarewa, ga shirin dam ga lakar masu haƙar ma'adinai. Mu ma a Najeriya muna da wuraren matsirgar ruwa irin su Gurara da Farin Ruwa da Matsirga ta Kafanchan, mai zuwa yawon buɗe ido wajen Disamba ko Janairu da ruwa ya ja, ya ɗan sunkuya ya duba jikin duwatsun da suka fara bushewa, idan ya ga 'yan tsinkaye masu kai a jere ya ɗauki hoto na kusa yadda tudun ƙwanson zai fito, ya rubuta wata da wurin, ɗaliban sashen tsirrai na jami'o'inmu za su iya aiki da shi.