Tarihin Rayuwata, kashi na 11: Gawon gonar Baba

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin na tsaya inda Baba ya rasu ya bar mani gona da ƙanne huɗu, to yau zan faɗi abin da har yanzu in na tuna shi sai ƙirjina ya yi nauyi.

A tsakiyar gonarmu can wajen Kafur akwai wani ƙaton gawo wanda mutum biyu ba su iya rungume shi. Duk manomi ya san halin gawo, da damina lokacin da sauran itatuwa ke yin kore shi sai ya kakkaɓe ganyenshi, ganyen ya zama taki, rana ta samu shiga, dawar da ke gindinshi kullum ta fi ta gefe tsawo da kauri. Da rani awaki su taru suna cin 'ya'yanshi suna bar mana taki kyauta. Baba ko reshe bai yarda a sara. Ni kuwa shekara biyu da rasuwarshi na sayar ma masu faskare saboda kuɗin jarabawar ƙanwata. Wuni ɗaya suka kayar da shi. Mama ko uffan ba ta ce mani ba, ta dai je ta zauna kan kututturen har magariba.

Bayan na dawo cikin Katsina ina koyon ɗinki sai na riƙa zuwa cocin St. Martin de Porres, lokacin muna ƙarƙashin dayosis ɗin Sakkwato wajen Bishop Kukah, sai a 2023 ne aka ba Katsina nata aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa ɗan Malumfashi. Wata Lahadi bayan an tashi Misa 'yan kwamitin adalci da zaman lafiya, wato JDPC, suka ce a tsaya. Fada ya ɗauko wasiƙar da Paparoma Francis ya fitar a 2015, Laudato Si', yana fassara mana da Hausa, cewa duniyar nan gidanmu ce mu duka, amana ce aka ba mu mu noma kuma mu kiyaye. Wallahi ji na yi kamar an kira sunana a gaban jama'a.

Sai wata dattijuwa daga Zumuntar Mata ta miƙe ta ce, "Fada, mun ji, amma in mun bar icce da me za mu tuƙa tuwo? Gas ya fi ƙarfinmu." Na zaci zai yi ta kame-kame. Sai ya ce, "Mama kin yi gaskiya, a cikin wasiƙar nan ma an ce a saurari kukan ƙasa da kukan talaka tare." Ya ce in hamada ta ci gona a Mai'adua ko Zango ba mai kuɗi ke fara kwana da yunwa ba, kuma rabin rigimar manomi da makiyayi daga ƙarancin ciyawa da ruwa take tasowa. Wannan amsa ita ta riƙe ni a kwamitin, don ban ga amfanin wa'azin da zai bar tsohuwa da tukunya a kan murhu ba wuta ba.

Nan na koyi gina murhun laka mai cin icce kaɗan da rainon iri a ledar fiya wata. Irin gawo ƙwaryarshi tauri gare ta, sai ka jiƙa a ruwan zafi ya kwana, ko ka tsinto wanda ya fito cikin kashin akuya, shi ya fi saurin tsirowa.

Da ruwa ya sauka na kai guda ashirin gida. Maƙwabcin gonarmu, wani malami Musulmi abokin Baba, ya same ni ina haƙa rami, ya karɓi fartanyar ya ce, "Ɗana, mu ma a wajenmu Annabi ya ce ko alƙiyama za ta tashi in da dashe a hannunka ka dasa shi." Shi ya saro mani ƙaya muka kewaye su. Duk da haka awaki sun cinye sha uku, bakwai suka rayu, ɗaya daf da tsohon kututturen.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin ranar da shanun wani makiyayi suka shiga gonar nan, da yadda muka ƙare a zauren mai gari.